Tsakuren da Ya Kai Mu Jigawa

Kowace shekara a watan Nuwamba masana binciken man fetur na Najeriya suna haɗuwa a Legas, a babban taron ƙungiyarsu ta NAPE, wadda aka kafa tun 1975. Manyan kamfanonin mai suna kafa rumfuna, malaman jami'a suna gabatar da muƙalu, ɗalibai kuma suna zagayawa da takardunsu a hannu ko Allah zai haɗa su da mai ɗaukarsu aiki. Amma ba a tashi rana tsaka a hau mumbarin nan. Watanni kafin taron, tun damina ba ta yi nisa ba, duk mai son magana sai ya aika da tsakure, wato taƙaitaccen bayani na 'yan ɗaruruwan kalmomi da zai faɗi abin da ya bincika, a ina, ta wace hanya, da abin da ya samu. Kwamiti ne zai zauna ya tace. Wani a ba shi 'yan mintuna ya tsaya gaban jama'a, wani a ce ya zo da fosta ya manna a bango, wani kuma a ba shi haƙuri.

Ɗan ƙanwata yana digiri na biyu a fannin ilimin duwatsu da ma'adanai, kuma ya ƙudurta bana sai an ji muryarsa a can. Ya riga ya rubuta tsakurensa, a kan yiwuwar samun man fetur a Dutse da kewayenta. A Kano ya rubuta shi, a gaban kwamfuta, daga bayanan maganaɗisun ƙasa da Hukumar Binciken Ma'adanai ta Ƙasa, NGSA, ta sa aka tattara da jiragen sama a shekarun 2000. Jiragen sun riƙa tashi ƙasa-ƙasa, kimanin mita 80 daga doron ƙasa, suna bin layuka masu tazarar mita 500, suna auna yadda duwatsun da ke ɓoye suke jan allurar na'ura. Daga irin waɗannan alƙaluma ɗalibai da yawa suke ƙiyasta kaurin yashi da lakar da suka lulluɓe tsohon dutsen da ke ƙasa. Malamin da ke duba aikinsa ya karanta, ya mayar masa da takardar da tambaya guda: ko ka taɓa taka ƙasar da kake magana a kanta? Da yamma sai ga shi a gidana. "Kawu, kai ka san hanyoyin nan. Don Allah ka raka ni." Ban yi masa gardama ba, don tambayar malamin nan ta daɗe tana cina game da yawancin abin da ake faɗa a kan man Arewa.

Mun bar Kano da sassafe ta hanyar Maiduguri. A gadar Wudil muka ɗan tsaya ya leƙa kogin, inda ruwan Kano da na Chalawa, bayan sun haɗu, suke kama hanyarsu zuwa Ringim da Haɗeja. Masu ɗibar yashi na ta lodin tifa a gaɓa. Ya ce in lura da yashin nan, don za mu sake haɗuwa da shi a gaba, a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sai Gaya, sai shimfiɗaɗɗun gonaki da gero ya fara kai idon sawu, har Shuwarin, inda ake karkatawa a shiga Dutse. Tun kafin a kai mahaɗar ake hango duwatsun, jere, masu duhu, sun taso daga filin da babu ko tudun kirki a cikinsa.

Lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta yanke Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, Dutse ƙaramin gari ce. Yau ga sakatariya, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga filin jirgin sama, ga tituna masu faɗi. Amma tsohon garin na nan a Garu, inda fadar sarki take a jikin dutse, kuma itatuwan dabino na nan a gindin tsaunuka, har cibiyar binciken dabino ta tarayya a nan take. Ba mu daɗe a cikin gari ba. Yaron hankalinsa na kan dutse.

Muka hau wani gefe inda masu fasa dutse ke aiki. Maza na ɓalle manyan ɓaraguzai, wasu na zaune da ƙananan guduma suna mayar da su tsakuwar gini. Muka yi musu sannu da aiki, suka amsa, suka ci gaba. Ya zaɓi wani ɓari da rana da ruwa ba su ci ba, ya buga masa gudumarsa, ya miƙo mini sabuwar fuskar da gilashin ƙara girma. Daga nesa dutsen launi ɗaya ne. Ta cikin gilashin kuwa sai na ga ƙwayoyi ne iri-iri a cuɗe: wasu masu sheƙi kamar fasasshen gilashi, wasu farare masu ɗan ja-ja da gefe a miƙe, ga baƙaƙen ɗigo a warwatse a tsakaninsu. Duk sun sarƙe da juna, babu kafar da ko allura za ta shiga. "Kawu, wannan narkakken dutse ne da ya taso daga ƙasa ya huce. Babu abin da ya taɓa rayuwa a cikinsa, kuma babu inda ruwa ko mai zai zauna."

Masana sun auna shekarun duwatsun Dutse sun samu kimanin miliyan 213. Kuma ba su kaɗai ba ne. 'Yan gida ɗaya ne da wasu tsaunuka da suka yi jerin gwano tun daga Abzin a Nijar, ta Damagaram, suka shigo Najeriya ta nan, suka bi ta Shira da Ningi da Riruwai da Jos, har Afu a jihar Nasarawa. Na arewa su ne manya a shekaru, kuma duk yadda aka gangara kudu ƙuruciya ake samu, har a kai na Afu mai shekara kimanin miliyan 141. A Najeriya na Dutse na cikin mafiya tsufa. Daga wannan dangi aka haƙi kuzar Jos da ta Riruwai. Dukiya ce babba, amma ba ta da alaƙa da man fetur ko ta ƙanƙani.

Wani dattijo cikin masu fasa dutsen ya daɗe yana kallonmu. Da ya ga ana rubutu a littafi sai ya ajiye gudumarsa. "Samari, mai kuke nema? An ce an samu a Bauchi. Mu ma Allah Ya sa da rabonmu." Yaron ya durƙusa kusa da shi. "Baba, a cikin wannan dutsen dai babu. Sai dai ko can gaba, inda ƙasa ta yi zurfi." Dattijon ya gyaɗa kai, ya ce shi ma da ya yi mamaki, don shekara da shekaru yana fasa shi bai taɓa jin ƙanshin komai ba sai ƙura.

A inuwar wani falalen dutse ya warware mini yadda abin yake, kuma ina ganin ya kamata kowane mai sauraron labarin man Arewa ya san shi. Ɗanyen mai yana farawa ne daga baƙar laka da ta kwanta a ƙasan teku ko babban tafki, cike da gawarwakin ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani. Sai wata ƙasar ta yi ta taruwa a kanta, shekaru miliyoyi, har ta nutse kilomita 2 zuwa 4, inda zafi ke kaiwa kimanin digiri 60 zuwa 120. A nan ne take dahuwa ta fitar da mai. Idan zurfin bai kai ba, lakar na nan ɗanya. Idan zafin ya wuce kima, sai man ya koma iskar gas, ko ya ƙone ƙurmus. Man da ya fito kuma sai ya sami dutsen yashi mai ƙofofi da zai shiga ya zauna, da wani shimfiɗin yumɓu a sama da zai hana shi tserewa, da wani lanƙwaso ko karaya a jikin ƙasa da zai tara shi wuri ɗaya. Ɗaya ya ɓace cikin waɗannan, an yi asarar rijiya. A yankin Neja Delta duk sun haɗu, shi ya sa tun da aka dace a Oloibiri a 1956 ake ta ɗiba.

To ina Jigawa a cikin wannan lissafi? Ya ce in ɗauki kwarin Chadi a matsayin ƙwarya. Tsakiyarta, inda take da zurfi, tana can gabas da arewa maso gabas, a Borno da Nijar da Chadi. Dutse kuwa a kan bakin ƙwaryar take. Daga nan kudu da yamma tsohon dutsen yana waje, ana ganinsa a Birnin Kudu inda mutanen zamanin da suka bar zanen shanu a kogunan Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Daga nan arewa da gabas kuma sai ya fara nutsewa sannu a hankali, yashi da laka na hawa kansa. Abin da ke rufe da shi a tsakiyar Jigawa sabon zubi ne, na 'yan miliyoyin shekarun baya-bayan nan, wanda tsofaffin koguna da tafkuna suka bari. Bai tsufa ba, bai yi zurfi ba, bai ji wuta ba.

Tsofaffin shimfiɗun da masu neman mai ke bi suna can gabas. Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, teku ta taso ta kwarin Binuwai ta ratsa inda Sahara take yau. Ita ta bar farar ƙasar da ake yin siminti da ita a Ashaka, ita ta bar baƙar lakar da aka raɗa wa sunan garin Fika na jihar Yobe, a ƙarƙashinsu kuma ga dutsen yashin da ke ɗauke da sunan dutsen Bima na Gombe. Su aka bi aka haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na kwarin Chadi a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Biyu daga ciki, Wadi da Kinasar, sun nuna alamar gas, wanda bai kai na kasuwa ba. Neman bai tsaya a asarar kuɗi ba. Ranar 25 ga Yuli, 2017, 'yan Boko Haram suka yi wa ayarin masu binciken mai kwanton ɓauna a yankin Magumeri. A cikin ayarin akwai malamai da ma'aikatan sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Maiduguri. An kashe mutane da dama, aka sace uku, sai a Fabrairun 2018 aka sako su. Yaron ya ce a sashensu har yau idan za a fita aikin daji sai an tuna da su a addu'a.

Abin da ke hana mutane fid da rai shi ne makwabta sun dace. Chadi ta fara fitar da man Doba a 2003 ta bututun da ya kai Kiribi a Kamaru. Nijar ta samu a Agadem, ta buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, sannan ta shimfiɗa bututu na kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Benin. Mutumin Maigatari ya fi kusa da matatar Damagaram fiye da kowace matata ta Najeriya, don haka ba laifinsa ba ne idan ya ce ai ƙasa ɗaya ce, Bature ne ya ja layi. Gaskiya ne ƙasa ɗaya ce a sama. A ƙasa kuwa ramukan daban-daban ne, kowanne da zurfinsa da tarihin zafinsa, kuma yawancin man Agadem a cikin wani yashi ake samunsa da ake kira Sokor, wanda ya fi na Bima da Fika ƙuruciya nesa ba kusa ba. Sai kuma Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, inda kamfanin Shell ya taɓa samun gas a 1999, NNPC ya sanar da samun mai a Oktoban 2019, Shugaba Buhari kuma ya je ya ƙaddamar da aikin ranar 22 ga Nuwamba, 2022, aka ambaci ganga biliyan 1. Kolmani a kwarin Gongola take, reshen kwarin Binuwai, ba a kwarin Chadi ba.

A nan ne nake da damuwa, kuma ita ta sa na biyo yaron. Tsarin mulki ya ba jihohin da ake haƙar mai kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da ya fito daga ƙasarsu. Dokar man fetur ta 2021 kuma ta ware kashi 30 cikin ɗari na wani ɓangaren ribar NNPC don neman mai a sababbin yankuna. Saboda haka babu ɗan siyasar da ba ya son a ce masa jiharsa na kwance a kan mai, kuma babu ɗalibin da bai san cewa take mai ɗauke da wannan albishir ya fi saurin jan ido ba. Da haka ake samun tsakure bayan tsakure, kowanne na ƙarewa da cewa yankin kaza na da alamun mai, alhali abin da aka auna kawai kaurin ƙasa ne, shi ma daga sama. Kauri sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa da yawa. Ga shi kuma 'yan'uwan duwatsun Dutse da ke binne a ƙarƙashin yashi na iya ruɗa allurar maganaɗisu, su sa lissafin zurfi ya karkace. Mutanen da ke kwamitin tacewa a Legas sun ƙare rayuwarsu a kan rijiyoyi na gaske. Da sun karanta layi uku sun san wanda ya taɓa ƙasa da wanda ya taɓa madannin kwamfuta kawai. Duk lokacin da irin wannan takarda ta fito daga jami'o'inmu, ana rage wa na bayanmu daraja ne, kuma ana ɗora wa talaka irin dattijon nan buri a kan abin da babu.

Washegari muka yi arewa, ta Kiyawa zuwa Jahun. Ba a yi nisa ba duwatsun suka koma bayanmu, suka ƙanƙance, suka ɓace. Hanya ta shiga jigayi. Mota ta hau doron yashi ja, ta gangara cikin fadama mai baƙar ƙasa, ta sake hawa. Waɗannan tuddan yashi ne na tsohuwar hamada, tun zamanin da fari ya kai nan, kuma sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, yadda iskar hunturu ke kaɗawa. Wani masani ɗan Ingila, A. T. Grove, ya yi rubutu a kansu a 1958. A kan doron ana shuka gero da riɗi da wake, a cikin kwarin ana shinkafa, kuma tsakanin jigayin nan kogin Haɗeja ke laluben hanyarsa. Idan ya cika sai ya bazu, kamar yadda ya yi a 2022 ya cinye gonaki da gidaje a Ringim da Miga da Jahun da Auyo da Kafin Hausa.

A wani ƙauye kafin Jahun muka ji ƙugin inji. Masu haƙar rijiyar burtsatse ne. Yaron ya ce wa direba ya tsaya tun kafin in buɗe baki. An haƙa rami a gefe an cika shi da ruwan laka, famfo na tura shi ta cikin sandunan haƙa ya dawo sama ɗauke da abin da bakin injin ya niƙa. Duk sanda ɗaya ta nutse, kimanin mita 3, sai wani yaron mota ya tara rariya a bakin ramin ya kwaso, ya je ya zuba a ƙasa. Ya jera su layi-layi a inuwar wata maina, kowane tsibi bai fi cikin tafin hannu biyu ba. Na farko-farko jan yashi ne mai laushi. Sai ya koma ruwan ƙasa, sai fari. Daga nan tsibi kusan shida na yumɓu mai launin toka, wanda idan ka murza sai ya kama yatsa ya yi santsi. Bayansa sai yashi mai gautsi, manyan ƙwayoyi da 'yan tsakuwoyi masu santsin gefe, irin wanda muka gani ana lodi a gadar Wudil. Ogan aikin ya tsugunna ya dafa wannan tsibin. "Nan ruwan yake. Nan za mu sa bututu mai tsaga-tsaga." Ya ce ba sa kai mita 100 a wannan yankin, kuma ba su taɓa cin karo da dutse ba, amma idan suka yi aiki wajen Dutse ko Birnin Kudu sai sun canza baki sun koma na guduma da iska, don ba a daɗe da farawa ake jin injin ya fara kuka.

Ɗan ƙanwata ya durƙusa gaban tsibin nan ya fi awa. Yana murzawa, yana dubawa da gilashi, yana zubawa a ƙananan ledoji yana rubuta zurfin kowanne. Ya tambayi ogan ko suna ajiye bayanin rijiyoyin da suka haƙa. Ogan ya ciro wani littafin makaranta daga cikin mota, bangonsa ya sha baƙin mai. Shafi bayan shafi, sunan ƙauye, adadin sanduna, inda aka sami yumɓu, inda aka sami ruwa, inda aka bugi dutse. Ya ce idan littafi ya cika yakan ajiye shi a gida, wasu kuma gara ta cinye. Babu wanda ya taɓa tambayarsa sai yau.

Ana cikin haka wani tsoho ya matso, aka ce shi ne ya gina yawancin rijiyoyin hannu na yankin tun yana saurayi. Bai san karatun boko ba, amma ya lissafa mana ƙasar garinsu gaba-gaba, daga jar ƙasa zuwa marmara zuwa yumɓu zuwa yashin ruwa, ya faɗi unguwar da ruwanta ke da zartsi da wadda nata ke da daɗi, da shekarun da ruwa ya ja baya sai an ƙara zurfi. Abin da ya faɗa ya zo daidai da tsibin da ke ƙasa. Na tsaya ina tunanin rijiyoyin burtsatse nawa aka haƙa a jihar nan tun 1991, na gwamnati da na 'yan siyasa da na masu neman lada, kowace ɗaya leƙe ce cikin cikin ƙasa, kuma yawancinsu an share tsibinsu da tsintsiya an wuce. Jirgin sama ya ba da ƙiyasi. Littafin ogan nan shi ke iya gaskata ƙiyasin ko ya ƙaryata shi. Kuma abin da ke kwance a ƙarƙashin tsakiyar Jigawa, wanda miliyoyin mutane da dabbobinsu da noman raninsu suka dogara da shi, ruwa ne, kuma har yau bai sami rabin kulawar da ake ba jita-jitar mai ba.

Muka haye kogi muka fita Gujungu, muka juya yamma ta hanyar Ringim. A bakin titi 'yan bumburutu sun jera galan-galan da kwalabe. Man da Jigawa ta sani ke nan: wanda ake kawowa a tanka daga kudu, tafiyar fiye da kilomita 1,000, wanda kuɗinsa ya ninka tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. A Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, direba ya rage gudu ba tare da kowa ya ce masa ba. A nan ne daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife, mai ya malala a magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, yawancinsu matasa, aka binne da yawa a kabari ɗaya. Muka yi musu addu'a. Na ji masu zargin mamatan da kwaɗayi, kuma ban yarda da su ba. Wanda litar mai ta fi ƙarfin abin da yake samu a yini, idan ya ga mai na gudu a kwata, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Mutanen da man fetur ya yi wa wannan ɗanyen aiki sun cancanci a gaya musu gaskiya game da shi, mai daɗi ko marar daɗi.

A Ringim muka yi sallar la'asar, muka zauna a rumfar wani mai shayi, ya buɗe kwamfutarsa a kan gwiwa. Ya goge taken farko. Sabon ya koma kan zurfin tsohon dutse a gefen kudu maso yammacin kwarin Chadi, tsakanin Dutse da kogin Haɗeja. Jimlar farko ta faɗi tambayar. Ta biyu da ta uku suka faɗi kayan aikin: bayanan maganaɗisu, da bayanan rijiyoyin burtsatse da za a gwada su da su. Sai sakamakon da ya riga ya samu, da alƙalumansa, ba tare da ado ba: ƙasar na ƙara kauri yayin da ake yin arewa maso gabas, amma a duk faɗin yankin ba ta kai zurfin da za ta dafa mai ba, kuma akwai wuraren da alamu ke nuna binnannun duwatsu irin na Dutse. Ya karanta mini cikin Turanci, ya fassara mini, sannan ya yi shiru.

"Kawu, anya za su karɓi takardar da ke cewa babu?"

Na ce masa rijiyar gwaji guda ɗaya tana cin miliyoyin daloli, don haka wanda ya nuna inda bai kamata a haƙa ba ya yi wa masu neman mai aiki, kuma wanda ke son sanin siffar tsakiyar kwarin dole ya san inda gefensa ya tsaya. Idan ma kwamitin Legas ya ga ta fi dacewa da wani zauren, akwai taron ƙungiyar masana ma'adanai da kimiyyar ƙasa, NMGS, wadda ta girmi NAPE don tun 1961 take, kuma masana ruwan ƙarƙashin ƙasa na da tasu ƙungiyar. Na kuma roƙe shi abu ɗaya. Tsakuren da Turanci zai tafi, kuma babu ɗaya cikin mutanen da suka ba shi ilimi a tafiyar nan da zai taɓa jin sa. Idan ya kammala, ya zauna ya mayar da shi Hausa, ya nemi fili a gidan rediyo a Dutse, ya faɗa wa mai fasa dutse da mai ginar rijiya abin da aka gano a ƙasarsu.

Akwai abin da ya fi ƙarfinsa, wanda manya ya kamata su duba. Bayanan rijiyoyin nan 23 da na binciken ƙarƙashin ƙasa da aka yi a Borno da Gongola da kuɗin jama'a aka samo su. Ya kamata ɗalibin Zariya ko Kano ko Maiduguri ko Bauchi, inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke da cibiyar binciken man fetur, ya iya kaiwa gare su cikin sauƙi. Gwajin da ke nuna ko laka na da sinadarin da zai zama mai, da ko ta dahu, yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da kuɗi. Ga kuɗin rajista, ga na mota zuwa Legas, ga masauki na kwanaki. Ɗalibai da yawa ana karɓar tsakurensu amma sunansu kawai ke zuwa taron. Gwamnatin jihar da ke son a san abin da ke ƙarƙashin ƙasarta za ta iya farawa daga nan, da kuma tilasta wa duk ɗan kwangilar burtsatse ya miƙa bayanin rijiyarsa kafin a biya shi.

Ya aika da tsakuren daga Kano kafin wa'adi ya cika, bayan malaminsa ya rage masa wasu kalmomi. Amsa sai nan gaba. Kafin nan aiki na jiransa, don littafi ɗaya ba ya isa a gwada taswirar yanki guda. Ogan burtsatsen ya haɗa shi da abokan sana'arsa biyu, ɗaya a Kiyawa ɗaya a Kafin Hausa, ya kuma ce suna da aiki a Miga, zai kira shi ran da za su kafa inji. Ya ja masa kunne ya zo da wuri, da ledojinsa da alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, don da Agusta ta shigo hanyar sai kwalekwale.